Ƙarfen da Ke Shan Ruwan Alwala

Zuwa ga 'yata Zuwaira, uwar takwarana,

Sallama irin ta Musulunci, da gaisuwa mai yawa zuwa gare ki, ke da maigidanki, da ɗan baƙon nan da ya zo ya karɓe mini suna da mata a rana ɗaya. Allah ya kai ku Agadas lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da na mota da na zafin rana, ya haɗa ku da maƙwabta nagari.

Ina zaune a zaure nake rubuta wannan, ke kuma kina ciki kina ɗaurin kaya. Da na so in gaya miki da baki, amma na san yadda za a yi: ki riƙa gyaɗa mini kai, hankalinki yana kan ɗanki Baba Gana. Mijinki kuwa surukina ne, ba ni iya zaunar da shi ina yi masa karatu. Zai durƙusa ya sunkuyar da kai yana "to Baba, to Baba," in tashi ban san abin da ya shiga ba. Shi ya sa na ɗauki bik. Ki yi haƙuri da rubutun, da furfura na koye shi.

Tun ranar suna bakina bai rufu ba. Da ba shekarar fari muke ciki ba, da na zuba ruwa ƙasa na sha don murna. Mutane suna zuwa rumfata sayen takalmi, su tafi da labarin jika. Wani mahauci ya ce mini, "Malam Yusufu, kai kaɗai ka taɓa yin jika a Damagaram?" Na ce masa, "A'a, amma ni kaɗai na yi wannan."

To ga maganar. Kin san ciwon yanar ido ya rufe idanun Innarki. Yaron nan da tafin hannu ta san shi, da kunne. Da aka ce an yi wa mijinki afektasiyon, canjin wurin aiki, zuwa likitar Agadas, wato asibitin can, ta ce ku tafi ku bar mata angonta sai an yaye shi, ta manta ba ta da nonon ba shi. Ba ta saki ba sai da na yi mata alkawari cewa duk direban da ya taso daga can zai zo mata da kaset mai muryarsa. Ita ba ta karanta wasiƙa, hoto kuma ba ya yi mata amfani. Kaset ɗin nan shi ne kawai hanyar da za ta bi ta ga girman jikanta. Don haka na ba ki babban injina gaba ɗaya, da ampili mai ƙara sauti da wurin ɗaukar magana da mikro da lasifika biyu. Mu ƙaramar rediyo mai cin kaset, mai aiki da pil, wato batir, ta ishe mu saurare. Ni na yi alkawarin, amma cika shi yana hannunki. In injin ya ƙone, ko ya ɗauko hayaniya maimakon murya, Innarki ce ta yi asara. Na san injin nan kamar yadda na san wuƙata ta dukanci, kuma duk abin da na sani a kansa ɓarna ce ta koya mini. Ki karɓa a bagas.

Injin farko da na mallaka ba wannan ba ne. Wani ne da na sayo a hannun wani alhaji da ya dawo da shi daga Makka, bayan wancan farin na farko, lokacin da kasuwa ta fara dawowa. Kina ƙarama, ba za ki tuna ba. Na ɗauko shi a ka tun daga Zango har Birni don kowa ya gani. Na tara 'yan gida, na soka wayarsa a bango, ya yi wata 'yar ƙara kamar an taka busasshen kara, hayaƙi ya fito ta baya. Ko kalma ɗaya bai faɗa ba. Na kai wa Malam Kiyari mai gyaran rediyo, wanda a lokacin sanin shanu kawai muka yi. Ya juya bayan injin, ya nuna mini wani ɗan makunni da rubutu a gefensa.

Ya ce, "Me aka rubuta nan?"

Na ce, "Ai da na san abin da aka rubuta, da ban zo wurinka ba."

Ya ce, "Ɗari da goma. Namu kuran, wato lantarkinmu, ɗari biyu da ashirin ne. Ka ɗora wa jaki kayan raƙumi."

A makon nan na sa sunana a ajin manya na yamma, na zauna a benci gaban wani Mushe, malamin boko, da na girme wa ubansa. Ba don in zama akawu ba, don kada ƙarfe ya sake yi mini magana in kasa ji. Ke kin yi lakwal, karatu ba ya yi miki wuya, amma mai ilmi ma yana mantuwa da dubawa. Idan kun sauka, kafin komai, ki duba bayan ampili. Makunnin yana kan ɗari biyu da ashirin, na liƙe shi da ɗan ƙyallen fata. Girgizar mota tana iya gusar da shi. Ki duba da idonki, kada ki ce Baba ya riga ya duba.

Kusa da makunnin akwai fizibil, 'yar ƙaramar kwalba mai siririyar waya a ciki. Aikinta ta tsinke in kuran ya yi yawa, ta mutu ita kaɗai injin ya tsira. Akwai ranar da ta tsinke mini ana tsakiyar labarai, maƙwabta sun cika zaure. Na ji kunyar a ce injin Malam Yusufu ya yi shiru, na ɗauko takardar azurfa ta kwalin sigarin wani, na naɗe kwalbar na mayar. Injin ya tashi, aka yaba mini. Bayan 'yan kwanaki Innarki ta ce tana jin ƙaurin roba. Da Kiyari ya buɗe, ya tarar waya ta narke a ciki, saura ƙiris wuta ta kama shimfiɗar da ke ƙarƙashi. Ya ce mini, "Kai ne ka ɗaure bakin kare don ya dame ka da haushi, ɓarawo kuwa yana cikin gida." In fizibil ta tsinke, akwai dalili. Na sa miki sababbi cikin gwangwanin mentoleta, masu lamba iri ɗaya da ta ciki. Ki sa ɗaya. In ita ma ta tsinke, ki tsaya nan, ki nemi mai gyara. Kada wani mai wayo ya ce zai ɗaura miki waya mai kauri.

Sai maganar ɗaukewar kuran. Injin da ke ba garinmu kuran tsoho ne, zafi yana wahalar da shi, kuma ba na jin na Agadas ya fi shi ƙuruciya. Da can in an ɗauke, barin komai nake a kunne don in san lokacin da aka dawo. Ashe tafiyar kuran ba ta ɓarna, dawowarsa ce ke yi. Yana dawowa kamar garken da aka buɗe wa rijiya, na gaba ya fi kowa ƙarfi, ya ture abin da ya tarar. Haka na rasa lasifika guda. Yanzu doka ce a gidan nan, kin kuma sani: kuran ya tafi, a kashe injin, a zare wayarsa daga bango. A bar ƙwan fitila ɗaya a kunne, shi ne ɗan aike. In ya kama, kada ki yi gaggawa. Ki dube shi. In yana rawa, ko ya yi ja kamar garwashi, ko ya yi haske fiye da kima, ki bari ya natsu. Ki gama abin da kike yi, ki shayar da yaro, sannan ki mayar da waya. Na haɗa miki da regilatar, akwatin nan mai nauyi mai allura a gaba. Shi yana ɗaga kuran in ya yi rauni, ya sassauta shi in ya yi yawa, amma dattijo ne irina, a hankali yake aiki. Bugun da ya zo kamar ƙiftawar ido yana wuce shi kafin ya motsa. Kada ki ce tunda akwai regilatar shi ke nan.

Abin da zan faɗa yanzu shi ya fi yi mini nauyi. Kin san kaset ɗin kakarki, Iya Gaji, mahaifiyar Innarki, wanda ba a sawa a gidan nan. Ba na jin an taɓa gaya miki yadda aka yi ya zama haka, don lokacin kina ɗakin mijinki a Sabon Gari.

Shekarar da ruwa ya fara yi mana rowa, tabkin Gidimuni ya ja baya, Iya ta zo ta zauna wurinmu kafin abubuwa su yi sauƙi. Wata rana da hantsi na ga tana cikin nishaɗi, na shimfiɗa mata tabarma kusa da injin, na miƙa mata mikro. Ta juya shi a hannu kamar muciya.

Ta ce, "Yanzu wannan akwatin zai riƙe duk abin da na faɗa?"

Na ce, "Zai riƙe, Iya."

"Ba zai ƙara nasa ba?"

"Ba zai ƙara ba."

Ta ce, "To ya fi 'ya'yana."

Ta fara. Ta jero kakanninku har inda saninta ya tsaya. Ta faɗi dabinan garkarsu ɗaya bayan ɗaya da wanda ya dasa kowanne. Ta yi waƙoƙin niƙa da na daɓe da ta koya wurin uwarta, tana tsayawa ta yi dariya in ta zo wurin da bai kamata suruki ya ji ba. Ni ina kallon kaset yana juyawa, allura tana motsi, na ce aiki ya yi. Ban mayar na saurara ba. Na zare shi na rubuta sunanta a kai, ina jin daɗin na iya rubutawa, na sa a akwati.

A wannan lokacin Tanimu mai walda, na bayan layinmu, aiki ya yi masa yawa, don kowa neman amalanken jaki yake da tano, gangar ƙarfen nan ta jigilar ruwa. Daga ɗakinmu ba a jin aikinsa, gidaje sun shiga tsakani. Amma wayar kuran ɗaya ce ta ratso ta rumfarsa ta shigo gidanmu. Duk sanda ya ɗosana ƙarfe ya yi tartsatsi, tartsatsin yana biyo waya, ya shiga injin, ya kwanta a kan kaset. Kunne ba ya ji a iska, a cikin waya abin yake tafiya.

Iya ta koma Gidimuni, ba ta ga wata damina ba. Bayan an share makoki Innarki ta ce in sa mata uwarta. Na sa. Sai ƙarar-ƙarar kamar ana soya gyaɗa a kasko, da wani gunji a ƙasa, muryar Iya can nesa kamar mai magana daga cikin rijiya. Kalma ta fito, uku su nutse. Na kai hannu zan kashe, Innarki ta riƙe ni. Ta kanga kunnenta a lasifika har kaset ya ƙare. Sannan ta ce, "Na ji tarinta." Ba ta sake tambayar kaset ɗin ba. Kiyari ya ce abin da ya riga ya hau kaset babu mai tankaɗe shi.

Tanimu ba shi da laifi, abincinsa yake nema. Daga wannan ne Kiyari ya haɗa mini ɗan akwatin katakon nan da na naɗe miki cikin zane, wanda wayar bango ke shiga ta gefe ɗaya ta fita ta ɗayan. Abu biyu ne a cikinsa. Na farko mu muna ce masa rariya, waya ce naɗaɗɗiya da wasu 'yan ƙulle-ƙulle, tana barin kuran ya wuce ta tare tsakuwar da walda da fanka da firigo da doguwar fitila ke zubawa a cikinsa. Na biyu muna ce masa mai gadi, wani ɗan faifai ne shuɗi kamar maɓallin riga. Shi zaune yake ba ya komai, sai bugu mai ƙarfi ya taho, ya tare shi da ƙirji ya karkatar da shi. Ga yadda za ki jera su: bango, sai akwatin Kiyari, sai regilatar, sai injin. Kada ki haɗa komai da su a wuri ɗaya, ko dutsen guga, ko firigo in Allah ya hore muku. In za ki ɗauki magana, ki kashe fanka da doguwar fitila ko da zafi. Ki san sana'ar maƙwabtanki da lokacin aikinsu. Sannan abin da ni ban yi ba: ki ɗauki kaɗan, ki mayar, ki saurara da kunnenki, kafin ki ci gaba. Kowane lokaci, ko kin yi sau ɗari.

Mai gadin nan yana tsufa. Kowane bugu da ya sha yana rage masa ƙarfi. Bayan kowace damina ki zare waya daga bango, ki kai akwatin wurin mai gyara ya buɗe. In faifan ya yi baƙi ko ya tsage, ya gama aikinsa, a sa wani. Kada a ce tunda injin yana tashi lafiya ƙalau ne. Injin zai tashi ko mai gadi ya mutu, sai dai ƙofa a buɗe take.

Yanzu ga wanda nake so ki karanta wa mijinki, ki ce daga gare ki ne. Rariya da mai gadi duka suna bukatar inda za su zubar da abin da suka tare, wurin kuwa ƙasa ne. Akwai waya ta uku a akwatin, mai launin tsanwa. Ita ake ɗaurawa a doguwar sandar ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. Mu a Birni dutse ne ko'ina, da ƙyar muka sami wuri a gindin katanga inda ƙarfen ya shige. Muka zuba gawayi da gishiri a ramin, muka rufe. Injin ya yi tsit, sai muryar mai magana kawai, kamar yana zaune a ɗakin. Na ce an gama.

Bazara ta shigo, irin bazarar da ba ta da damina a bayanta. Gunjin ya fara dawowa kaɗan-kaɗan. Ban kula ba. Ran nan Innarki tana share ƙura a kan injin da hannu, ta ja baya da sauri.

Ta ce, "Malam, akwatinka ya tsunkule ni."

Na ce, "Ko dai kunama ce?"

Ta ce, "Na san kunama, ta san ni. Wannan daban ne."

Na kira Kiyari. Bai ko taɓa injin ba, ya wuce gindin katanga, ya tona da yatsa, ƙasa tana zuba kamar gari. Ya ce, "Ƙarfenka ƙishirwa yake ji. Busasshiyar ƙasa ba ta karɓar kuran. Abin da rariya ta tare ya rasa hanya, shi ne ya dawo jikin injin yana jiran hannu." Na ce to mene ne magani. Ya ce, "Shayar da shi."

Kin san yadda ruwa yake a garin nan ko a shekarar ƙoshi, balle yanzu da famfo sai ya yi kwanaki yana huci kawai. Na tare ɗan ga-ruwa na sayi garwa guda, na ɗauka na kai gindin katanga na tuttule a kan ƙarfe. Lokacin 'yan uwanmu na Dogo sun riga sun zo, suna zaune a tsakar gida, mutanen da suka baro gonarsu don ba ta ba su ko abin sa wa a tukunya ba. Suka zuba mini ido. Sai ɗan baffana Malam Sale ya gyara murya.

Ya ce, "Yaya, mu mun baro gero yana mutuwa a tsaye, kai kana ban-ruwan ƙarfe. In ya yi zangarniya ka sam mana iri."

Aka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta zauna mini. Gaskiya ya faɗa. A shekara irin wannan ba a zubar da ruwan sha a gaban mai ƙishi. Na tsaya tsakanin abu biyu, ko in bar injin ya riƙa tsunkulin mutane, ko in riƙa yin abin da zai sa a zage ni a zuci.

Innarki ce ta raba gardamar. Da azahar na fito neman buta na rasa. Na tarar ta sa an mirgino dutsen da muke zama a kai mu yi alwala, an ajiye shi a gindin katangar, dab da ƙarfen, butoci a jere a gefe. Na ce mene ne haka. Ta ce, "Ruwan alwala ai dole ya zuba wani wuri. Ya zuba inda ake son sa." Tun daga ranar duk mai salla a gidan nan can yake alwala, har baƙi. Ƙarfen yana sha kullum, ba a ƙara ɗigo ɗaya a kan abin da dā ma za a zubar ba. Gunji ya tafi, tsunkuli ya tafi. Malam Sale ma can yake tsugunawa, in ya gama ya ce, "Na shayar da gonarka, Yaya."

Ƙasar Agadas ta fi tamu bushewa, rairayi ne. Don haka kafin ku kunna injin ko sau ɗaya, mijinki ya nemo mai aikin kuran na kirki ya kafa ƙarfe mai tsawo, a wuri mai tsarki nesa da makewayi, inda za ku iya mayar da shi wurin alwala. Gawayi da gishiri a ramin. Inda waya ta kama ƙarfen ya zama a sama da ƙasa kaɗan, a ɗaure tam, a kifa masa gwangwani don tsatsa da kuma hannun yaro. Kada a yarda a ɗaura a bututun famfo don sauƙi, ba ki san inda bututun ya yanke ba, kuma wani yana iya riƙe da bakin famfon. In kin taɓa jin injin ya tsunkule ki ko kaɗan, ki zare shi daga bango, ki je ki dubi ƙasa. Nan da 'yan watanni Baba Gana zai fara rarrafe, kuma duk abin da ya kama baki zai kai. Injin ya hau tebur mai tsawo, wayoyi su bi ta sama. Kada kuma ki lulluɓe shi da ƙyallen ado yana aiki, ramukan bayansa hancinsa ne.

Saura aradu. Wannan kin gani da idonki, don kina gida ranar, da cikinki. Hadarin nan na daminar da ta wuce, wanda ya taso daga gabas da la'asar baƙi ƙirin bayan mun gaji da duban sama. Kowa ya zabura, mata da tukwane da kwanoni ana jerawa ƙarƙashin indararo, ni kaina da girmana ina tsaye da ƙwarya. Babban injin yana ciki, rediyonsa a kunne, wayar anten tana kan soro. Babu wanda ya tuna da ita, har ni mai kafa doka. Aka yi tsawar nan, muka ji ƙauri. Ruwan kuwa ko gindin ƙwaryata bai rufe ba, iska ta kwashe hadarin ta yi yamma da shi. Mai gadi ya tsage biyu, ɓangaren rediyo ya ƙone ta hanyar anten, inda babu mai tsaro. Allah ya taimaka ɓangaren kaset ya tsira, Kiyari ya gyara sauran. Babu akwatin da ɗan Adam ya ƙera da zai tare aradu. In kin ga hadari, ko kin ji rugugi daga nesa, ki zare wayar bango, ki zare ta anten ki jefa ta waje ta taga, sannan ki ɗauki kwano. Da an fara walƙiya a kanku kuwa, kada ki taɓa ko ɗaya. Na san murnar ruwa tana ɗauke hankali a shekarun nan. Ki sa wa ranki cewa waya ce farko.

Ban ji tsoron ba ki injin nan ba. Tun kina yarinya ke ce ba ki barin murfi a buɗe, kuma na ga yadda kike riƙon ɗanki. Wanda ya iya wannan ya iya wancan. Na sa miki kaset sababbi, in sun ƙare za mu riƙa mayar miki da amsa a kan wasu, direbobin da ke lodi a tashar Agadas duk sun san rumfata.

Ina cikin rubutun nan Innarki ta lallaɓo zaure da sandarta, ta ji ƙarar takarda. Ta ce wa nake rubuta wa, na ce ke. Ta zauna ta ce in rubuta nata, kuma kada in gyara mata magana. Ga shi yadda ta faɗa:

"Ka ce wa Zuwaira ba na son dogayen gaisuwa, na san tana gaishe ni. Mijinta ma ya yi sallama ya matsa. Ta ajiye abin maganar kusa da yaron ta ƙyale shi. In yana kuka kada ta kashe don ta rarrashe shi, ta bar ni in ji. Na haifi bakwai, na san kukan yunwa, na san na ciwon ciki, na san na haƙori, na san na iskanci irin na kakansa. In na ji zan aiko mata da abin da za ta yi. Amma sai kukan ya fito fes. In ya zo da soye-soyen nan, ba zan gane ba."

Ta tashi ta koma ciki, ina jin ta tana cewa a miƙo mata angonta ta yi masa sallama tun yanzu, don gobe a tasha mutane za su yi yawa.

Kin ji aikinki. Allah ya raya mana Baba Gana a kan tafarkin Annabi, ya ba ki lafiyar goyo da ruwan nono, ya ba mijinki sa'ar aiki da hannu mai waraka. Allah ya tsare gidanku daga wuta da aradu da mugun ji da mugun gani. Ya jiƙan Iya da sauran magabata, ya dubi bayinsa ya ba mu damina mai albarka, mu da ku da dabbobin da suka saura. Ku sauka lafiya.

Mahaifinki,
Yusufu Baduku, Birni, Damagaram